Akwatin sifikar bes mai bututu: shawarar masu haɗa sauti a Jidda

Masu sa sauti a motoci sun yi ittifaƙi: kada a yanka katako sai an saka bayanan sifikar a manhajar WinISD, mai lissafin girman akwatin sifika da bututunsa.

Misalinsu: sifika mai inci 12, akwatin MDF (allon da ake yi da matsattsen garin katako) mai kaurin milimita 18, cikinsa lita 55 bayan an cire wurin da sifika da bututu suka cinye. Bututu mai faɗin santimita 10, tsawon kusan 32, zai daidaita akwatin a mitar sauti wajen 33 Hz (Hz shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya). Ƙara tsawo yana saukar da mitar. Ƙuntataccen bututu kuwa huci yake yi.

Gwaji: kunna sautuka masu mita daban-daban ɗaya-ɗaya; a mitar da fatar sifika ta fi rage motsi, nan daidaiton yake. Ƙasa da nan akwati ba ya riƙe ta, don haka a sa matatar subsonic (mai tare sautukan da mitarsu ta yi ƙasa sosai) wajen 28 Hz, kada fatar ta yage.