Tarakta 135 da na gada: in sauke inji ko in dakata?

Magajin Baba: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar tarakta Massey Ferguson 135 mai injin Perkins silinda uku. Da ita ya ciyar da mu, a kan cinyarsa na fara riƙe sitiyari. Da ciwo ya kwantar da shi aka ajiye ta a fili, ruwa ya doke ta, rana ta doke ta, shekara da shekaru. Wajen rabon gado Yayana ya ce a sayar da ita a matsayin ƙarfe, ni kuma na ce a sa ta cikin kasona. Har yau bai huce ba, ko gaisawa muka yi sai ya tambaye ni wai ƙarfen nawa ya tashi? Na kankare tsatsa, na yi mata fenti ja da ruwan toka yadda ta fito, na sa sabbin tayoyin baya da batir. Yanzu tana tashi amma da ƙyar, ga farin hayaƙi, man ya yi fari ya yi kauri, in na ɗaga garma kuma sai ta riƙa saukowa da kanta. Bakanike ya ce a sauke inji. Lokacin huɗa ya matso, abin hannuna ya ja baya. Yaya zan yi?

Tsohon Direba: Wa alaikumus salam. Yaro, sauke inji, kada ka tsaya sauraron kowa. An ƙera 135 daga 1964 zuwa 1975, da yawansu a Coventry ta Ingila, ka ga ko 'yar autarsu ce taka ta ba shekara hamsin baya. Farin hayaƙi da farin mai, gaskit ɗin kan inji ya ƙone, in ma kan bai tsage ba. A canza fistin da ringi da layina da gaskit gaba ɗaya, injinta na Perkins, AD3.152, ba shi da wuyar kaya. Amma wa ya ce ka fara da fenti? Fenti ba ya jan garma.

Magajin Baba: Baba, da girmanka, ba ado na yi ba. Tsatsa ta fara huda bonet da madigadi, da na bari da babu abin da zan tarar.

Injiniya: Malam Magaji, wane mai ne ya yi fari, na inji ko na giya? Amsarka tana nan. A 135, giya da akusul ɗin baya da haidirolik mai ɗaya suke sha, kuma in ta daɗe a fili ruwan sama yana bi ta robar sandunan giya ya sauka ciki. Idan shi ne, ba ruwan inji: ka zubar, ka wanke matacin famfon haidirolik, ka zuba sabo, ka canza robobin. Saukowar garma kuwa yawanci ringin silindar ɗagawa ne ya ci, ko bawul yana yoyo. Hayaƙin ma ka shinshina. In warin gas yake har yana yaji a ido, gas ne bai ƙone ba, a gwada nozul mai fesa gas, a auna matsin silinda. In tururi ne, kuma ruwan lagireto yana raguwa, ka buɗe murfinsa inji na sanyi, ka tayar, ka ga ko kumfa na tasowa.

Mai Ford 4000: Ni dai ka yi hankali da wanda za ka ba. Haka na kai tawa, wai nozul kawai za a duba, aka cire mini famfon gas na asali aka maƙala wani gajiyayye. Na yi magana ya ce sharri nake masa. Shekarar nan sai haya na yi, masu haya kuma sai sun gama da kowa suke tunawa da kai. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Tsohon Direba: Injiniya, gwaje-gwajen nan na littafi ne. Tun ba a haifi wasunku ba nake kan tarakta. Injin da ya kwana shekaru ringinsa ya manne, ko ya yi aiki yau, a tsakiyar gona zai ajiye shi.

Injiniya: Alhaji, ringin da ya manne awon matsi zai nuna shi. Me zai sa a farke inji kafin a san ciwonsa?

Maman Yara: Ɗan'uwa, duk ana ta inji, ba wanda ya tambayi birki. Yawancin tsofaffin nan ba su da ƙarfen kariya a saman kujera. Ƙanin maigidana ya ɗaura sarƙa a sama da akusul zai tumɓuke kututture, gabanta ya tashi ta kifo da baya, Allah ne ya yi da sauran kwanansa, amma ƙafar har yanzu. A ƙasa ake ɗaura abin ja. Kuma in taka mai Multi-Power ce, wato mai ƙarin 'yar sandar da ke sauya giya tsakanin ƙaramin mataki da babba, kada ka sauka gangara tana ƙaramin mataki, inji ba ya riƙe ta.

Mai Gonar Rani: Ni a ganina ka sayar tun fentin na sheƙi, ka shirya da yayanka. Zumunci ya fi tarakta.

Magajin Baba: Ba zan sayar ba, Malam, wannan ba ya cikin abin da na tambaya. Hajiya na gode, birkinta yana kamawa, gefe ɗaya ne dai ya fi. Bakaniken nan kuma shi yake duba ta tun Baba na da rai, ba zan zarge shi ba. Sai dai in an sauke inji ba na jin zan samu huɗar bana, kuma Yaya zai ce ai ya faɗa.

Tsohon Direba: To ka sauke yanzu, ko ka sauke a gona.

Injiniya: Malam Magaji, har yanzu ba ka ce wane mai ba ne.