Baturan AA masu caji don kyamara: wane iri, wace caja?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum 'yan zaure. Kyamara mai cin batir AA biyu tana mutuwa bayan hotuna kaɗan, alhali batirin sabo ne. Mene ne mafita?

Mai Gyaran Lantarki: Wa alaikumus salam ƙanena. Batirin alkalin (alkaline), wato na gama-gari da ake yarwa in ya ƙare, shi ne matsalar. Filashi yana zuƙar wuta da yawa lokaci guda, alkalin kuwa ba ya iya bayar da ita da sauri, sai ƙarfinsa ya faɗi kyamara ta kashe kanta. Shi ya sa in ka sa shi a agogon bango zai ci gaba da aiki. Ka nemi NiMH, wato batirin AA mai caji. An rubuta 1.2V a jikinsa, ƙasa da na alkalin, amma kada ya tsorata ka, yana riƙe wannan ƙarfin har kusan ƙarewarsa. In kyamarar tana da wurin zaɓar nau'in batir, ka mayar da shi NiMH.

Hajiya Mai Hoton Biki: A cikin NiMH ɗin, ka nemi Eneloop na Panasonic, farin nan mai 1900 zuwa 2000mAh (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka). Ana iya ajiye shi watanni bai zubar da cajinsa ba. Baƙin, wato Pro, ya kai 2500 amma ya fi saurin tsufa. Duk AA ɗin da aka rubuta wa 4000mAh ko fiye, ƙarya ce tsagwaronta.

Mai Gyaran Lantarki: Gaskiya ne Hajiya. Amma caja ta fi kashe batir. Mai araha lokaci take ƙirgawa kawai, ba ta san batir ya cika ba. In aka ɗauke wuta aka dawo da ita, sai ta soma ƙirga daga farko, ta dafa batirin da ya riga ya cika. A sayi wadda kowane gurbi yake da fitilarsa, mai tsayawa da kanta. In caja tana ba da wuta 1000mA, batir mai 2000mAh zai cika cikin awa biyu da ɗan wani abu. Ɗumi ba komai, amma in ya yi zafin da hannu ba ya iya riƙewa, a cire. Akwai masu USB, ana iya haɗa su da sola.

Baba Mai Situdiyo: Ku riƙa yi wa baturan lamba da alƙalamin maka, biyu-biyu, su yi caji tare su yi aiki tare. In aka haɗa tsoho da sabo, mai raunin zai ƙare da wuri, ɗayan ya tura masa wuta a juye, ya lalace. Kuma kada a bar su a mota cikin rana.

Sabon Shiga: Baba, alkalin ɗin fa, ba a cajinsa?

Baba Mai Situdiyo: Kul! Yoyo zai yi, ruwan ya cinye ƙarfen cikin kyamara. In ya riga ya zuba, a goge da auduga da ɗan ruwan khal, a bari ya bushe sarai.

Hajiya Mai Hoton Biki: Sannan a kiyayi baturan lithium masu caji da ake kira 14500. Girmansu ɗaya da AA, amma 3.7V ne, yana iya ƙona kyamara nan take. A karanta jikin batir kafin a biya kuɗi.