Dala 800 gare ni, wace bindiga zan saya don koyon saiti? .22 ko .308?

Ɗan_Fagge_TX ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah waɗanda ke zaune Amurka kuma suka san harkar harbi ina neman shawara. Ina wajen Dallas, shekara ta shida kenan, girin kad ɗina, wato katin izinin zama na dindindin, ya fito tun bara waccan. Watan da ya wuce wani abokin aikina Bature ya ja ni filin harbi ran Asabar, ni fa na bi shi ne kawai don kar ya ce na ƙi, wallahi sai abin ya shiga raina, harbi goma na yi a takarda daga yadi 50 uku ne kacal suka shiga cikin baƙin da'irar da ke tsakiyar takardar amma tun ranar abin bai bar kaina ba.

To yanzu ina so in sayi tawa. Ba farauta zan yi ba, takarda kawai da farantin ƙarfe nake so in riƙa harbi har hannuna ya zauna. Dala 800 na ware, a ciki har da madubin saiti da komai da komai, uwargida ta ce ko sisi kar ya ƙaru. Matsalar kowa da abin da yake faɗa min. Abokin nawa ya ce .308 (lambobin nan girman harsashin bindigar suke nunawa), wai ita ce ta maza, yaron shagon da na leƙa ya ce 6.5 Creedmoor ake yayi yanzu, wani tsoho kuma da na tarar a filin ya ce in sayi .22 in huta. Ni dai a ganina .22 kamar ta yara ce, ko? Filin namu yana da layin yadi 50, da 100, da 300. Ya kuka gani?

Kawu_Sule_Ohio ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana. Wannan tsohon da ka tarar a fili, in ka sake ganinsa ka saya masa shayi, shi kaɗai ne ya gaya maka gaskiya a cikinsu.

Ka daina kallon kuɗin bindiga, ita sau ɗaya za ka biya. Harsashi ne ke cin mutum. Ɗauko biro mu yi lissafi. A ce duk zuwa kana harba 100, kuma wallahi 100 ba komai ba ne in ka zauna kan benci, kafin ka ankara sun ƙare. Kwalin .22 LR (cikakken sunan harsashin .22 ɗin da ake magana) mai guda 50 irin CCI Standard Velocity nan wajenmu kusan dala 5 ne, kenan dala 10 ka gama yininka. .223 kwalin guda 20 wajen dala 12, ya zama 60. .308 ko 6.5 Creedmoor mai ɗan kyau kwalin 20 ba za ka same shi ƙasa da dala 30 ba sai an yi rangwame, kenan 150 a zama ɗaya. In sau biyu kake zuwa a wata, a shekara .22 ta ci maka 240, .223 ta ci 1,440, babbar kuma 3,600. Farashi yana hawa yana sauka amma tazarar da ke tsakaninsu tana nan. Je ka nuna wa uwargida wannan lissafin ka ji me za ta ce. Abin da ke faruwa shi ne mutum ya sayi babba, ya je sau uku, ya ga aljihu na kuka, sai ta koma kabad tana shan ƙura.

Kuma ni na yi wannan kuskuren da kaina shi ya sa nake da baki. Farkon da na fara .308 na saya, mara nauyi irin ta mafarauta, don kar a raina ni. Bindiga mara nauyi da babban harsashi shuri take kamar jaki. Bayan wata biyu na zama tun kafin in taɓa kunama kafaɗata ta riga ta zabura, ido ya runtse, bakin bindiga ya yi ƙasa. Ban ma san ina yi ba sai da wani malamin harbi ya sa min harsashin wasa mara albarushi a tsakiyar na gaske ban sani ba, na ja kunama, ba ƙara ba komai, amma ga ni na yi tsalle kamar an tsikare ni. Kunya kamar in nutse. Sai da na koma .22 kusan shekara kafin wannan ɗabi'ar ta sake ni.

Maganar wai ta yara ce kuwa, a gasar Olamfik harbin mita 50 da .22 LR ake yi, haka masu gudu kan dusar ƙanƙara suna harbi. Tun 1887 harsashin nan yake kasuwa bai mutu ba. Kuma kar ƙanƙantarsa ta ruɗe ka, yana kisa, duba jikin kwalin za ka ga an rubuta yana da haɗari har sama da mil ɗaya.

Ka nemi mai sakata, wadda sai ka ja da hannu ka fitar da kwanso ka tura wani. Tana sa ka nutsu kan kowane harbi. Savage Mark II mai kaurin bututu wajen dala 300 ce kuma kunamarta ana iya daidaita ta. In za ka iya matsawa, CZ 457 ta ƙasar Cek, 500 zuwa 600, wannan har jikokinka. Tikka T1x ta Finland ma haka amma za ta cinye maka kasafin. Ni da 800 ɗinka, Savage 300, madubi da zobbansa 250, abin toshe kunne da gilashin ido da buhun yashi na ɗora bindiga 60, canjin duk harsashi.

Injiniya_Bash ya rubuta:

Kawu Allah ya ƙara girma, lissafinku daidai ne amma ku yi min afuwa zan ɗan saɓa. Yaron nan ya ce filinsu na da yadi 300. Wata uku zai yi yana huda rami ɗaya a yadi 50 ya gaji, ya fara leƙen masu buga ƙarfe a can nesa, daga nan ya dawo neman wata bindigar, kashe kuɗi biyu kenan. Me zai hana tun yanzu ya tsaya tsakiya, .223 Remington mai sakata? Shurinta kaɗan ne, ɗiyata mai shekara 15 tana harba tawa ba ta ko motsi, kuma kana iya ganin inda harsashinka ya sauka ta cikin madubi, abin da .308 mara nauyi ba za ta bar ka ka gani ba. Ruger American ko Savage Axis ko Howa 1500 ta Japan duk suna cikin kuɗinsa, ko da Howa za ta ɗan matse shi.

Abu ɗaya dai ɗan'uwa, in .223 ce ka tambayi murɗin cikin bututu kafin ka biya. Za ka ga an rubuta 1:12 ko 1:9 ko 1:8, ma'ana harsashi na juyawa sau ɗaya a cikin inci kaza. 1:12 sai ƙananan harsasai irin giren 55 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne), in ka sa mata mai giren 77 ba zai daidaita ba, har ka ga ya shiga takarda a kaikaice. 1:8 ita ke ɗaukar 69 da 77, kuma su ne iska ba ta cika wasa da su ba. Sannan in an rubuta .223 kawai a jikin bututu kar ka zuba mata 5.56 na soja don ka ga ya fi araha, matsinsa ya fi ƙarfi.

6.5 Creedmoor kam na yarda da Kawu, ka manta da ita yanzu. Kamfanin harsasai na Hornady ne suka fito da ita 2007 don masu gasar nesa, yadi 600 zuwa 1,000, a can take nuna kanta. A yadi 300 asarar kuɗi ce kawai, kuma bututunta yana fara gajiya wajen harbi 2,500 zuwa 3,000, kenan da lissafin Kawu na 2,400 a shekara ka kusa cinye bututu a shekara guda. Mai shago kam dole ya yabe ta, kasuwarsa yake.

Sarkin_Zolaya ya rubuta:

Ikon Allah. Mu nan Kano muna lissafin kuɗin buhun shinkafa ku kuna can kuna sayen harsashi kuna huda takarda 😂 Kakana da harba-ruga ɗaya ya yi shekara arba'in yana cin zabi, ba madubi ba lissafi. Allah ya kai mu inda kuke.

Maman_Hanif ta rubuta:

Ni ba zan shiga gardamar girman harsashi ba, maigidana ne mai abin, amma akwai abin da ban ga kowa ya taɓo ba kuma ɗalibai da yawa na karanta gidan nan. Ɗan Fagge kai girin kad gare ka, dokar tarayya ta ba ka dama, za ka cike fom 4473 a shago su bincika sunanka a tsarin NICS na FBI, shi kenan. Amma wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga ko harsashi sai in ya faɗa cikin 'yan togaciyar da aka yi, kamar mallakar lasisin farauta mai aiki. Kar wani ya karanta hirar nan ya ce bari ya bi abokinsa fili ya ɗana, ya fara bincika matsayinsa. Kuma dan Allah kar wani ɗan gida ya lallaɓe ka ya ce ga kuɗi ka saya masa da sunanka, babban laifi ne, kai za a ɗaure.

Na biyu, cikin dala 800 ɗin nan ka cire kuɗin akwati mai makulli tunda ka ce akwai iyali. Harsashi daban, bindiga daban, makulli a jikinka. In kun dawo daga fili a wanke hannu da sabulu kafin a ɗauki yaro ko a ci abinci, akwai dalma.

Na uku, jakar fili ta zama ta fili kawai. Harsashin .22 ƙarami ne, yana maƙalewa a ɗinkin jaka ba ka sani ba. A 2024 an kama Amurkawa a tsibiran Turks da Caicos saboda 'yan harsasan da suka manta a jaka, dokar wurin a lokacin shekara 12 ce mafi ƙaranci, sai da aka yi ta faɗi-tashi. Ka ɗauki wannan jakar ka nufi gida hutun sallah a same shi a filin jirgi, wa zai tsaya jin bayaninka?

Kawu_Sule_Ohio ya rubuta:

Hajiya Allah ya saka, kin faɗi abin da ya fi namu muhimmanci.

Injiniya, ka ce zai gaji da .22 a yadi 50. To wa ya ce ya tsaya a 50? Ya saita ta a 50 ya koma 100 ya gani, harsashin zai faɗi ƙasa wajen inci 7, a 200 kuma faɗuwar ta kai wajen ƙafa huɗu, ga iska 'yar kaɗan ta ture shi gefe. Duk lissafin da mai .308 yake yi a can nesa, na murɗa madubi da karanta iska, shi zai yi shi a yadi 200 da kuɗin shan lemo. Akwai gasar NRL22 da ake yi wata-wata a filaye da yawa, galibi cikin yadi 100, ya je kallo sau ɗaya ya ga yadda manyan mutane masu furfura ke zufa kan farantin da bai fi kwabo girma ba. .223 ɗinka ban ƙi ta ba, ita ce ta biyu da zai saya, ba ta farko ba.

Ɗana abu biyu na manta. Madubi ka nemi mai ƙullin daidaita nisa a gefe wanda ke saukowa har yadi 25 ko ƙasa, don madubin manyan bindigogi yawanci an kafe shi a yadi 100, in ka sa shi a 50 kana motsa kai layin saiti na yawo kan takarda. Kar ka sayi na dala 40 ɗin nan na intanet, na taɓa sayen wani, duk zuwa sai na sake saiti, na yi ta zagin bindiga ashe ba laifinta. Sannan harsashi ka tsaya kan mai gudu daidai, irin mai ƙafa 1,070 a daƙiƙa, yana ƙasa da gudun sauti tun daga fitarsa. Mai saurin nan na 1,200 da wani abu yana faɗowa ƙasa da gudun sauti a hanya, kuma yawanci ramukansa sun fi watsewa. Sayi kwali ɗaya-ɗaya iri huɗu ko biyar ka gwada, kowace .22 da abincin da take so, ko biyu daga kamfani ɗaya ba lalle su so iri ɗaya ba.

Ɗan_Fagge_TX ya rubuta:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Kawu na nuna wa uwargida lissafin 3,600 ɗin, kallon da ta yi min kaɗai ya kashe maganar .308. Hajiya akwatin ya shiga lissafi, dama yarona ɗan shekara huɗu ba abin da ba ya buɗewa. Injiniya a yi haƙuri, .223 sai baɗi in Allah ya kai mu. Sarkin Zolaya in na zo gida zan kawo maka takardar da na huda ka rataye a shago.

Jiya bayan aiki na koma shagon na riƙe Savage ɗin da CZ ɗin duka, gaskiya sakatar CZ ta fi santsi nesa ba kusa ba kuma ta zauna min a kafaɗa, amma in na ɗauke ta abin da zai rage na madubi bai fi 150 ba bayan akwati. Akwai kuma wata Ruger 10/22 ta hannu da ya ce zai bar min 220, ita ba sakata, da kanta take ɗora harsashi. Kawu, CZ da ƙaramin madubi, ko Savage da madubi mai kyau? Asabar nake so in biya.