VM ta nuna ACTIVE amma ba a isa gare ta: ina fakitin yake mutuwa?

Malam Nasiru

Assalamu alaikum. Ina so mu tattara abin da kowa ya taɓa tararwa a yanayi guda. Girgije ne na cikin gida a kan OpenStack, manhajar gina girgije, da Neutron, sashenta mai kula da netwok, da Open vSwitch (OVS), suwicin manhaja. Netwok ɗin da VM ke ciki kuma a kan VXLAN yake, wato rami da ke naɗe fakiti cikin wani fakiti don ya ratsa tsakanin sabobi. An ƙirƙiri VM, wato kwamfutar da manhaja ke kwaikwaya a kan sabar, ta nuna ACTIVE, amma sadarwa ta ƙi. Wani lokaci ba ta samun adireshi ko kaɗan, wani lokaci ta samu amma ba a isa gare ta daga waje, wani lokacin kuma ping na tafiya amma SSH ya maƙale. Don Allah duk wanda zai ba da amsa ya faɗi inda ya ga fakitin ya tsaya da umarnin da ya nuna masa hakan.

Injiniya Hauwa

Wa alaikumus salam Malam. Bari in ɗauki ta ukun, domin ita ce ta fi cin lokacin mutane, kuma sau da yawa MTU ne, wato iyakar girman fakitin da hanya ke iya ɗauka.

VXLAN yana ƙara bayit 50 a kan kowane fakiti idan netwok ɗin ƙasa, wato na zahiri da ke haɗa sabobi, IPv4 ne. Idan katin sabar da suwici suna kan 1500, abin da ya rage wa VM shi ne 1450. Neutron yana lissafa wannan ya aika wa VM ta DHCP, tsarin da ke raba adireshi kai tsaye. Matsala na tasowa idan an sa wa VM adireshi da hannu, ko hoton tsarin aiki (image) da aka girka ta da shi bai karɓi wannan zaɓin ba, sai ta zauna a 1500. Ping na yau da kullum bayit 84 ne kacal, shi ya sa yake wucewa lafiya. SSH kuwa da zarar ya kai musayar makulli fakitin ya yi girma, sai ya faɗi a hanya. Idan ka yi ssh -v za ka ga ya tsaya cak a layin expecting SSH2_MSG_KEX_ECDH_REPLY. Haka HTTPS, haɗin ya buɗe amma shafi ya ƙi saukowa.

Gwajin ba shi da wuya. Daga cikin VM ka yi ping -M do -s 1422 zuwa wata VM da ke kan wata sabar daban. 1422 ɗin 1450 ne aka cire 28, wato 20 na IP da 8 na ICMP. Idan wannan ya wuce, 1472 kuma ya ɓace ba amsa, an gano wurin. Idan 1422 ma bai wuce ba, to netwok ɗin ƙasan bai kai 1500 ba a wani wuri, sai ka yi gwajin tsakanin sabar da sabar, kana rage lambar har ta wuce.

Gyara iri biyu ne. Ko a saukar da VM zuwa 1450, ko a ɗaga netwok ɗin ƙasa zuwa aƙalla 1550, yawanci ana kai shi 9000. Na biyun ya fi a ganina, amma sai an bi kowace ƙofa: katin sabar, bond idan akwai, kowace ƙofar suwici har da waɗanda ke haɗa suwici da suwici, sannan global_physnet_mtu a neutron.conf da path_mtu a ml2_conf.ini. Ƙofa ɗaya aka manta, suwicin zai riƙa zubar da manyan fakiti shiru, ba ya aika wa kowa saƙon kuskure. Tsofaffin netwok kuma ba sa sauyawa da kansu, sai an yi openstack network set --mtu, an kuma sake tayar da VM ɗin.

Malam Bashir

Ni ta farkon zan yi magana a kai, wato rashin adireshi. Adireshin da Horizon, shafin gudanarwa na OpenStack, ke nunawa alƙawari ne kawai na Neutron, ba shaida ba ce cewa VM ta karɓa. Fara da openstack console log show. Idan ka ga tana ta neman DHCP ba amsa, ko cloud-init, mai saita VM a tashin farko, na jiran 169.254.169.254, adireshin da yake karɓar bayanan saitin, har ya gaji, to ka koma sabar da VM ɗin take.

Sunan katinta a can tap ne da haruffa 11 na farkon lambar ƙofarta (port) a Neutron. Ka yi tcpdump -eni a kansa tare da port 67 or port 68, ka sake tayar da ita. Idan buƙatar na fitowa daga adireshin MAC mai farawa da fa:16:3e, VM ta yi nata. Sai ka je sabar netwok, ka yi ip netns, ka shiga qdhcp na wannan netwok ɗin, wato keɓaɓɓen wurin da DHCP ɗinsa ke aiki, ka saurara a can. Buƙata ta iso amma ba amsa, dnsmasq, manhajar da ke amsa DHCP, za ka duba. Ba ta iso ba, ta mutu tsakanin gadojin OVS, br-int da br-tun, ko a cikin ramin VXLAN.

Abin da na fi yawan gani a nan shi ne ovs-vsctl show ya nuna ƙofar da lamba 4095. Wannan ita ce VLAN da wakilin OVS, manhajar Neutron da ke kan kowace sabar, ke jefa ƙofar da bai iya haɗawa ba. Ka duba openstack port show, sau da yawa za ka ga binding_failed. Sanadinsa ko wakilin ya mutu, ko sunan netwok na zahiri a bridge_mappings bai yi daidai da wanda aka ba netwok ɗin ba, ko da harafi ɗaya ne.

Wani abu da ake mantawa shi ne agogo. Wakili yana aika rahoto duk daƙiƙa 30, ana ɗaukarsa matacce bayan daƙiƙa 75. Idan agogon sabobin ya bambanta da yawa, openstack network agent list zai iya nuna shi a mace alhali yana aiki. A duba chrony da RabbitMQ kafin a taɓa komai.

Malama Zainab

Kafin duk wannan, a duba rukunin tsaro (security group), wato dokokin da ke tace abin da ke shiga da fita daga VM. Na asali yana barin komai ya fita, amma shigowa sai daga VM da ke cikin rukuni ɗaya. Ba ICMP, ba ƙofa 22, sai ka ƙara da kanka. Minti ɗaya ne dubawar.

Injiniya Auwal

Gaskiyar Malama Zainab. Ni kuma ga gwajin da yake raba mini hanya biyu nan take: VM biyu a sabar ɗaya, da VM biyu a sabobi daban, duk a netwok guda. Idan na sabar ɗaya suna magana, na daban ba sa yi, laifin na rami ne. A bar rauta da rukunin tsaro a gefe.

Abu uku nake bi. Na farko local_ip a fayil ɗin wakilin OVS. Idan an kwafi fayil daga wata sabar ba a sauya shi ba, ko an sa adireshin katin gudanarwa maimakon na rami, ovs-vsctl show zai nuna remote_ip da ba a isa gare shi. Na biyu katangar tsaron sabar kanta. VXLAN yana bin UDP 4789, kuma firewalld ko nftables na iya toshe shi bayan an sabunta tsarin. Na uku ka yi tcpdump na udp port 4789 a katin zahiri na sabobin biyu lokaci guda. Yana fita daga nan, ba ya isa can, to abin yana wurin suwici, ka kai wa masu kula da shi wannan shaidar.

Idan yana isa amma haɗin TCP na tafiyar hawainiya ko yana yankewa, ka kashe offload na ɗan lokaci da ethtool -K ka gani. Wasu direbobin kati suna lalata lissafin checksum na fakitin da ke cikin rami.

Malam Sadiq

A ɓangaren isa daga waje, qrouter, keɓaɓɓen wurin rautar Neutron, shi ne wurin tsayawa. Ka shiga da ip netns exec, ka yi ping sau biyu: ɗaya zuwa adireshin VM na ciki, ɗaya zuwa ƙofar fita ta waje. Na ciki ya yi, na waje ya ƙi, ka duba ip neigh. Idan ƙofar fita ta nuna FAILED ko INCOMPLETE, ARP ba ya samun amsa, kuma galibi ba a bar VLAN ɗin waje ta wuce a ƙofar suwicin da br-ex, gadar fita waje, ke haɗe da ita ba. Ko kuma an ƙirƙiri netwok ɗin a matsayin flat alhali suwicin na aiko da fakiti mai lamba. Da tcpdump -e za ka ga lambar ƙarara.

Idan an ɗora girgijen gwaji a kan VMware ESXi, sai an buɗe abubuwa uku a rukunin ƙofofinsa: promiscuous mode, forged transmits da MAC address changes. In ba haka ba ESXi zai zubar da duk fakitin da ya fito da MAC ɗin da bai sani ba.

Akwai kuma adireshin waje da aka cire daga wata VM aka ba wata. Idan MAC ɗin da ke amsa shi ya sauya, rautar waje na iya riƙe tsohon har lokacinsa ya ƙare. arping -U daga cikin qrouter yana gyara shi.

Malama Zainab

Ƙari a kan tsaron ƙofa: Neutron yana zubar da duk fakitin da ya fito da adireshin da ba na ƙofar ba. Saboda haka adireshin haɗaka na keepalived, wanda VM biyu ke karɓa-karɓa a kansa, ba zai yi aiki ba sai an sa shi a allowed address pairs na ƙofofin biyu, an kuma buɗe protocol 112 na VRRP a rukunin tsaro. Ban yarda da kashe tsaron ƙofar gaba ɗaya ba, domin rukunin tsaron ma yana tafiya tare da shi.

Injiniya Auwal

Ga masu OVN, wani tsarin daban da Neutron ke iya amfani da shi maimakon waɗannan wakilan, kada ku ɓata lokaci neman qdhcp da qrouter, babu su. ovn-controller ne ke amsa DHCP a kan kowace sabar. Ramin Geneve ne a UDP 6081, MTU kuma 1442 a kan 1500. ovn-trace zai nuna muku dokar da ta zubar da fakitin.

Malam Nasiru

Allah ya saka da alheri. Injiniya Hauwa, akwai wadda MTU ɗinta 1450 ne daidai, VM ɗin na saukar da komai lafiya, amma kwantenonin Docker da ke cikinta suna maƙalewa a HTTPS.

Injiniya Hauwa

Abu ɗaya ne Malam, ya ƙara hawa bene guda. docker0 yana tashi da 1500 ba tare da ya duba katin VM ba. Ka sa "mtu": 1450 a /etc/docker/daemon.json ka sake tayar da Docker. Wannan gadar asali kawai yake gyarawa. Netwok ɗin da Compose ya ƙirƙira sai an ba kowanne com.docker.network.driver.mtu, an goge shi an sake ƙirƙira. Ka kuma tabbata netwok ɗin VM ɗin ba ya cikin 172.17.0.0/16, domin wannan zangon Docker ke ɗauka, kuma idan suka yi karo amsa za ta riƙa komawa docker0 maimakon ta fita ta katin VM.