Barci, jini da abin da muke sha: ta ina ciwon damuwa ya shigo muku?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Bayan haihuwata ta uku na shiga wani hali da ban taɓa shiga ba. Babu wanda ya ɓata min rai, maigida ma yana iya ƙoƙarinsa, amma sai in zauna a bakin gado da jaririya a cinya, hawaye na zuba har ya jiƙa mata zani. Tuwo ya huce a gabana ban taɓa ba. Surukata ta ce iska ce, aka yi ta turara min hayaƙi. Sai bayan arba'in da na je asibiti, likita ta ja fatar idona ƙasa, ta sa aka gwada jinina, ta ce ya yi ƙasa sosai saboda jinin da na zubar wajen haihuwa. Ta tambaye ni awa nawa nake barci. Da na lissafa, bai kai uku ba a dare. Ta ba ni maganin ƙarin jini, ƙanwata kuma ta dawo gidanmu tana karɓar yarinyar da zarar na shayar da ita. A hankali na fara jin yunwa, na fara son hira. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mana ta inda nasa ya faro.

Direban Dare:
Allah ya ƙara lafiya, Hajiya. Ni shekara tara ina jan babbar mota daga Kano zuwa Legas. Goro, shayi mai kauri, sannan tiramol, don kada barci ya ɗauke ni a hanya. Da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, da yawa cikin abokaina ƙwaya suka koma. Abin da ba a faɗa maka shi ne ranar da ka sauka a gida. Jiki ya mutu, zuciya ta yi baƙi ƙirin, yarana su zo da gudu su tarye ni, ni kuwa Allah-Allah nake su fita daga ɗakin. Wannan ya fi komai yi min ciwo. Na daina ƙwayar shekara biyu ke nan, na koma jigilar kusa, ina kwana a gida.

Hajiya Mai Atamfa:
Nawa maƙoƙo ne da bai fito fili ba. Ƙiba ba ci ba, kasala, mantuwa, ga jin sanyi ko a zafin Afrilu. Kishiyata har cewa take na zama ragguwa. Gwajin jini ne ya nuna. Yanzu ƙwaya ɗaya nake sha kullum kafin karin kumallo.

Ɗalibi a Ingila:
A nan cikin Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi. Daga ɗaki sai aji, babu mai ce maka ina kwana. Watanni biyu na yi ina raba dare a kan waya, in tashi da azahar. Likita ya ce in riƙa shan bitamin D lokacin hunturu, in kuma fita da rana ko da ana sanyi. Tafiyar da nake yi a ƙasa zuwa masallaci, da gaisawa da mutane a can, ita ta fi taimaka min.

Baban Sadiƙ:
Ni dai ina ganin mu riƙe addu'a da azkar, 'yan uwa.

Maman Ilham:
Gaskiya ne Malam, ban taɓa sakin addu'a ba. Amma lokacin da ake ce min tawakkalina ne ya yi rauni, sai ƙuncin ya ninku, don na ɗauka laifina ne.

Anti Nas:
Ni ma aikin dare ya taɓa jefa ni ciki, duk da ina ma'aikaciyar jinya. Ƙuncin da ya wuce mako biyu, ga rashin ci ko rashin barci, a je a ga likita. In har tunanin kashe kai ya zo, a ranar za a tafi, kada a bar mutum shi kaɗai. Malam Direba, yaya ka yi ka daina? Yanke tiramol lokaci ɗaya yana wahalar da jiki sosai.

Direban Dare:
Wallahi Anti, sau biyu ina gwadawa da kaina ina komawa. Zufa, ciwon gaɓoɓi, ga rashin barci. Sai da yayana ya kai ni asibiti aka riƙa rage min kaɗan-kaɗan.