An rubuta wa Innarmu T4b, matakin ƙarshe ke nan?

Ƴar Garin Malam:
Assalamu alaikum. Don Allah wanda ya san karatun takardar likita ya taimake ni, tun jiya ban runtsa ba. Innarmu shekararta 52. Ashe ta fi wata takwas tana ɓoye ƙullutu a nononta na hagu, ba wanda ya sani, sai ranar da na ɗauki kayanta zan wanke na ga gaban rigar ya ƙame da jini-jini. Da kyar ta yarda na duba. Fatar ta fashe kamar faɗin ƴar dala ashirin, gefenta kuma ya kumbura ya yi rami-rami kamar ɓawon lemu. An yanki ƴar tsoka an auna, aka ce ciwon daji ne. A takardar an rubuta T4b N1 Mx. Ƙanena ya duba a waya ya ce huɗu shi ne ƙarshe. Yanzu Kawu na cewa kada a wahalar da ita da hanyar Yamai, a bar ta gida a yi ta addu'a. Haka abin yake?

Mai aikin jinya:
Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Allah ya ba Inna lafiya. Huɗun da ke jikin T daban, mataki na huɗu daban, a nan mutane da yawa ke rikicewa. T na magana ne a kan ƙullutun kansa. Idan ya fasa fata ya yi gyambo, ko fatar ta yi wannan kumburi na ɓawon lemu, ko wasu ƙananan ƙullutai suka fito a fatar nonon, sai a rubuta T4b komai ƙanƙantarsa. N1 na nufin ya taɓa kaluluwar hammata. M shi ne babban zance: ko ya tafi huhu, hanta ko ƙashi. Mx na nufin ba a duba ba tukuna. In aka yi hoton ƙirji da eko (hoton duba cikin jiki da na'ura) na ciki aka ga ba kome, to M0 ne, Inna na mataki na 3B. A wannan mataki ana magani ne da niyyar warkewa. Sai an samu M1, wato ya tafi wani sashen jiki, ake cewa mataki na huɗu, shi ma kuma ana yi masa magani.

Ba zan ɓoye miki ba, ciwon ya yi nisa, kowane sati yana da daraja. Amma yadda za ta kasance bai tsaya ga fata kaɗai ba: girman ƙullutun, yawan kaluluwar da ya kama, da irin ciwon, duk suna ciki. Ki tambaya ko an auna hormon da HER2 a tsokar, awon da ke nuna irin ciwon ke nan. Wani abu kuma: ja da zafi sun mamaye kashi ɗaya cikin uku na nonon cikin ɗan lokaci? Wannan shi ne T4d, ya fi saurin yaɗuwa.

Uwar ƴan biyu:
Ƴata, ni ma nawa ya fashe kafin in je. Ban manta warin ba, har kunyar shiga mutane nake ji. Ba fiɗa aka fara yi mini ba, shimiyo ne, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, duk kwana 21. Gashina ya zube, abinci ya fita raina, amma bayan karo na uku gyambon ya fara bushewa, na daina canza ƙyalle sau huɗu a yini. Daga baya aka cire nonon, aka gasa mini wajen da hasken na'ura a Yamai, tun 2021 akwai na'urar a can. Tafiya ce ta kusan kilomita 900, da sauƙi ba zan ce ba. Yanzu ƙwayar tamoxifen nake sha kullum. Ki hana kowa shafa mata garin magani a wajen, ni shi ya ƙara mini ruɓa. Kawunku kuma ku tafi da shi wurin likita ya ji da kunnensa.

Ƴar Garin Malam:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Ja bai mamaye ba, gefen gyambon ne kawai. Na karanta wa Kawu, ya yi shiru, sannan ya ce zai raka mu hoton ranar Litinin. Mama, kafin nan da me kike wanke wajen? Ƙyallen na mannewa, duk cirewa sai ta yi hawaye.