Tankin bandakin karaban yana yoyo, wari ya ƙi fita: a yi walda ko a canza?

Ɗan Kawo:
Assalamu alaikum. Karaban ce da ma'aikata ke kwana a ciki a wurin aiki, tana da bandaki ɗaya, ƙazantar na taruwa a tankin ƙarfe mai cin lita 200 a ƙarƙashinta. Tankin ya fara ɗiga ta wajen ɗinkin walda, kuma ko an kwashe an wanke, warin na nan. Mutum takwas ke amfani da shi. A sake walda ne, ko a sa sabo? Tiyo ɗin fa?

Mai Famfo Panteka:
Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka ɓata kuɗinka a walda. Fitsari na cin ƙarfe daga ciki, kuma ta bakin ɗinki yake fara ci. In ka toshe nan, gobe can zai ɓule. Alminiyom ma haka. Nemi tankin roba mai kauri, wanda aka zuba shi dunƙule ɗaya babu ɗinki.

Warin kuma ba lallai daga tankin kaɗai yake ba. Tiyo in ya daɗe ƙazanta na kwana a cikinsa, warin kan ratsa jikin robar ya fito waje, ko da babu huda. Ga yadda za ka gane: jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan zafi, naɗe shi a inda tiyon ya fi lotsawa ƙasa, bar shi ya huce, sannan ka fita da shi waje ka sansana. In tsumman ya ɗauki wari, tiyon ya gama aiki, babu sabulun da zai gyara shi.

Duk inda hanya ta miƙe, sa fayif na PVC mai tauri, shi wari ba ya ratsa shi. Amma kada ka haɗa shi kai-tsaye da tanki, girgizar hanya za ta fasa haɗin. Bar guntun tiyo mai laushi tsakaninsu, ka ɗaure kowane baki da kilif biyu na ƙarfen da ba ya tsatsa, kawunan sukurorin suna kallon ɓangare daban-daban. In tiyon ya ƙi shiga, tsoma bakinsa a ruwan zafi ka shafa ɗan sabulun wanke-wanke. Ban da giris, ban da ƙona shi da wuta. Gangara kuma aƙalla santimita 2 a kowace mita, kada a bar wani lungu da ruwa zai kwanta.

Gam ɗin PVC ba ya kama jikin tankin roba. Sai dai a huda a sa mahaɗi mai noti da washa na roba. A naɗa tef ɗin famfo a zaren mahaɗin, wato inda noti ke hawa, a ɗaure da hannu, a ƙara kaɗan da sifana. Wanda ya matse da ƙarfi ya tsaga bakin.

Injiniya Barnawa:
Na yarda da maganar oga, sai dai ya bar abin da ya fi muhimmanci, wato bututun shaƙar iska. Ƙwayoyin bakteriya da ke rayuwa inda babu iska su ne ke haifar da warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma zafin Maris da Afrilu na ƙara musu ƙarfi. Yawancin tankunan nan da ɗan siririn bututu suke zuwa, wanda bai kai inci ɗaya ba. Sa na inci ɗaya ko fiye, daga saman tanki, a miƙe ba lanƙwasa, ya fita sama da rufin, nesa da taga. A riƙa leƙa bakinsa, domin zanzaro na son gina ɗakinsa a ciki. Idan ya toshe, biyu ce: ko tankin ya kumbura ya turo ƙazanta baya, ko kuma ranar da motar kwasa ta zo ta zuƙa, tankin ya lotse ya tsage.

A daina zuba Izal da Hypo a cikin tanki. Suna kashe har ƙwayoyin da ke narkar da ƙazantar. Farin dutsen da ke taruwa a cikin tiyo har ya rage masa faɗi, daga fitsari yake. Ruwa isasshe bayan kowane amfani, da ɗan binega lokaci-lokaci, suna rage shi.

Sai maganar girman tanki. Mu da buta muke tsarki, dole a lissafa wannan ruwan. A ce kowace shiga lita 3, mutum takwas sau huɗu a yini, lita 96 ke nan. Tankinka kwana biyu ya cika. Kafin ka ce a sa mai lita 500, tuna cewa in ya cika nauyinsa ya kai rabin tan. A shimfiɗa masa katako ya zauna gaba ɗaya a kai, a ɗaure da bel biyu, kuma kada ƙarfe ya riƙa gogar jikinsa.

Ɗan Kawo:
Allah ya saka da alheri. Wajen cire tsohon fa, da me za a fara?

Mai Famfo Panteka:
A kira motar kwasa ta zuƙe, a cika da ruwa a sake zuƙewa sau biyu ko uku. Don Allah kada a juye a kwalbati, ƙarshenta Kogin Kaduna za ta. A buɗe ƙofa da tagogi, a sa safar hannu da takunkumi, kuma kada kowa ya kunna ashana ko ya kawo injin yankan ƙarfe kusa da tankin, iskar cikinsa na kama wuta. Kowane tiyo a fara kwance shi daga sama, a toshe bakin da leda, bokiti na jira a ƙasa. Wanda ya maƙale, a tsaga shi da wuƙa a tsaye.

Bayan an haɗa sabon, a cika shi da ruwa mai tsabta har baki, a shimfiɗa kwali busasshe a ƙarƙashin kowane haɗi, a bar shi ya kwana. Da safe in kwalin a bushe yake, a sake matse kilif ɗin duka kafin a buɗe wa mutane.